Irin Citta da Aikin Farfesa Andrew Nok

Duk wanda ya taɓa noman citta a ƙasar Jaba ko Kachia ya san tana da wani hali da masara da dawa ba su da shi. Mudu kaɗan na irin masara sun ishi fili babba, sauran amfanin kuma naka ne, ka ci ko ka sayar. Citta ba ta da wani iri daban. Saiwar da ɗan sari yake tayawa da kuɗi a hannu, ita ce dai wadda za ka kakkarya gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, ka mayar cikin ƙasa idan ruwan Afirilu ya sauka. Shi ya sa kowace kaka manomin citta yake zama ya yi lissafi da zuciyarsa: nawa za a tsaga a shanya a zuba a buhu, nawa kuma za a bari a inuwa a lulluɓe da ciyawa har shekara ta zagayo. Ga kuɗin makarantar yara, ga Kirsimeti ta matso, ga farashi ya hau. Wanda ya kasa daurewa ya sayar duka zai ji daɗin Disamba, amma da damina ta kama sai ya sayi iri da tsada a hannun maƙwabci, ko ya bar gonar ta koma saura.

Da wannan ma'auni nake so in auna aikin Farfesa Andrew Jonathan Nok, masanin kimiyyar sinadaran jikin halittu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya rasu ranar Talata 21 ga Nuwamba, 2017, yana da shekara 55. Jaridu sun fi tuna shi da kyaututtukan da ya ci. Kyaututtukan nan su ne buhunan da aka kai kasuwa, kowa ya gani, aka tafa. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ya bari a inuwa.

Ɗan asalin garin Nok ne, a ƙaramar hukumar Jaba, cikin ƙasar ƙabilar Ham. Garin nan ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928, daga baya sunan garin ya zama sunan wata daɗaɗɗiyar wayewa da duniya ta sani. An haifi Andrew ranar 11 ga Fabrairu, 1962. Ya yi sakandare a makarantar gwamnati ta Kafanchan, ya wuce Zariya, ya sami digirin farko a 1983, na biyu a 1988, digirin digirgir a 1993. Duka ukun a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake ganin sai wanda ya yi karatu a Ingila ko Amurka ne zai iya bincike mai nauyi. Ya fita waje daga baya, ya yi aiki da masana a Japan da Jamus, amma saiwarsa a nan ta yi kwanciya.

Cutar da ya ɗora rayuwarsa a kanta tsohuwar abokiyar gabarmu ce. Ƙudan tsando, mai zama a duhuwar bakin rafi da kurmi, shi ke ɗauke da wata ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya da ake kira tirifanosom, ya zuba ta cikin jini idan ya yi cizo. Idan mutum ta kama, ciwon barci ke nan. Idan saniya ce, Fulani su ce sammore. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna a lardin Zazzau har Turawan mulki suka sare dazukan bakin rafi a yankin Anchau, suka tashi mutane suka kafa musu sabon gari mai suna Takalafiya. Saboda wannan cuta aka kafa cibiyar binciken ƙudan tsando da cututtukansa a Kaduna, wadda take nan har gobe. A ɓangaren mutane an yi nasara mai yawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ake samu da ciwon barci a shekara sun faɗo ƙasa da 10,000 a 2009, kuma tun 2018 ba su kai 1,000 ba. A ɓangaren dabbobi labarin daban ne. Ana ƙiyasta cewa sammore yana kashe shanu wajen miliyan 3 a Afirka kowace shekara, ban da nonon da ya ƙafe, da cikin da ya zube, da shanun huɗa da suka kasa jan garma.

Kudancin Kaduna ya san wannan fiye da Kano ko Katsina, domin ruwa ya fi yawa a nan, kurmi ya fi duhu, ƙudan kuma ya fi samun wurin zama. Makiyayi a Ladduga ba ya bukatar likita ya gaya masa saniyarsa ta kamu. Zai ga tana rama alhali ga ciyawa, gashinta ya tashi, idonta yana zubar da ruwa, tana bin bayan garke a hankali. Idan ya buɗe fatar idonta ko dasashinta sai ya ga fari maimakon ja. Jini ya ƙare. Zai nemi Berenil ko Samorin ya yi mata allura, magungunan da aka fito da su tun shekarun 1950 da 1960, kuma a wurare da yawa ƙwayar cutar ta fara saba da su.

Tambayar da Nok ya riƙe ita ce wannan: ina jinin yake tafiya? Ƙwayar cutar ba ta shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su kamar yadda ta zazzaɓin cizon sauro take yi. A cikin ruwan jini take iyo. To me ya sa dabbar take ƙarewa da farin dasashi?

Amsar tana kan fatar jar ƙwayar jini. Kowace lafiyayyar ƙwaya tana lulluɓe da wani nau'in sukari da ake kira sinadarin siyalik. Muddin yana nan, masu gadin jiki da ke cikin hanta da saifa suna barin ta ta wuce. Idan ya ragu, wani sukari da ke ƙarƙashinsa, galaktos, sai ya fito fili, masu gadin su ɗauka ƙwayar ta tsufa, su kama ta su haɗiye. Tirifanosom yana fitar da wani sinadari mai aikin yanka, siyalidas, wanda ke aske siyalik daga jikin jajayen ƙwayoyi. Ƙwayoyin da ba su ko kusa tsufa ba sai su zama abin kamawa. Wato jikin saniyar ne da kansa yake cinye jininta, ƙwayar cutar ta nuna masa hanya kawai. Akwai kuma ɗan'uwan wannan sinadari da ba ya tsayawa ga yanka: yana cire siyalik daga jikin mai gida ya liƙa wa ƙwayar cutar, domin ita ba ta iya ƙera nata.

Ba Nok ne ya fara jin ƙanshin wannan ba, kuma faɗin haka ba ya rage masa komai. Kowane manomin citta daga hannun wani ya karɓi irinsa na farko. A Zariya, Farfesa King Esievo na Tsangayar Likitancin Dabbobi da abokan aikinsa sun nuna tun 1982 cewa siyalik yana raguwa a jikin jajayen ƙwayoyin shanun da suka kamu, daidai lokacin da jini yake faɗuwa. Masana a Jamus da Amurka su ma sun yi aiki a kan irin waɗannan sinadarai a farkon shekarun 1990. Abin da Nok ya kawo shi ne hannun masanin sinadarai: ya ware sinadarin daga cikin tarkacen ƙwayar cuta, ya tace shi, ya auna zafin da ya fi aiki a ciki da abin da ke hana shi aiki. A 2003 shi da ɗalibinsa Emmanuel Balogun suka buga wata takarda a mujallar kimiyyar sinadaran halittu ta Japan, suna nuna cewa Trypanosoma congolense, ɗaya daga cikin manyan masu kashe shanunmu, yana da siyalidas a lokacin da yake cikin jinin dabba, kuma akwai alamar shi ne ke jawo ƙarancin jinin. A da an fi sanin sinadarin a lokacin da ƙwayar take cikin hanjin ƙuda. Shi da mutanensa suka bi sawun sinadarin cikin Trypanosoma vivax, da kuma Trypanosoma evansi mai kama raƙuma. A 2012 wasu masu bincike a Bordeaux ta Faransa, da kayan aikin da suka fi na Zariya nesa ba kusa ba, suka buga sakamakon da ya ƙarfafa wannan magana. Ga mai bincike babu yabon da ya kai wannan: baƙon da bai san ka ba ya gwada ta wata hanya ya iske abin da ka faɗa.

Akwai wani ƙaramin gwaji na mutanen Zariya da nake jin daɗin tunawa, domin yana nuna yadda fahimta ɗaya take haifar da wata. Tunda galaktos ne masu gadin jiki suke gani su kama ƙwayar jini, me zai faru idan aka ɗura wa dabbar laktos, sukarin da ke cikin madara, wanda ke ɗauke da galaktos a jikinsa, ya shagaltar da su? Sun gwada, suka ga faɗuwar jinin ta yi sauƙi. Ba magani ba ne da makiyayi zai saya gobe, amma shaida ce cewa an gane bakin zaren.

Yanzu a duba shekarun. Digirin digirgir a 1993, takardar nan a 2003, babbar kyauta a 2009. Wanda ya bi ta gefen gonar citta a watan Yuli ganye kawai zai gani, siriri, ko ƙwauri bai kai ba. Mai gona ya riga ya sha wahalar kaftu, domin citta tana son ƙasa mai laushi mai zurfi. Ya yanko ciyawa ya rufe shukar, yana durƙuso yana cire haki da hannu don kada fartanya ta ji wa saiwa ciwo. Wata bakwai, wata takwas, duk abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa yake faruwa. Haka binciken kimiyya yake, sai dai nasa watannin shekaru ne. Ana kiwon ɓeraye ana sa musu cutar, ana ɗibar jini da sassafe ana ƙirga ƙwayoyi a madubin likita. Sinadarin da aka yi mako uku ana tacewa yana iya lalacewa a dare ɗaya idan wuta ta ɗauke firiza ta huce. Kayan gwajin da ake bukata sai an yi odarsu daga waje da kuɗin waje, su daɗe a hanya. A shekarun 1990, lokacin da albashin malamin jami'a ba ya kai shi ƙarshen wata, abokan karatu da yawa suka tattara suka tafi Amurka, Saudiyya, Botswana. Ban ga laifinsu ba. Amma wanda ya zauna ya ci gaba da aiki a wannan hali, ya kuma fitar da abin da mujallun duniya suka karɓa, ya cancanci a faɗi sunansa da girmamawa.

Bai tsaya ga siyalidas kaɗai ba. Ya gwada ganyen darbejiya a kan ƙwayar cutar a 1993, ya gwada tafarnuwa a 1996, ya yi aiki a kan dafin macizai irin su kububuwa da kumurci mai tofi. Ya rubuta nazari a 2003 a kan tsofaffin magungunan ciwon barci, ciki har da melasofurol, maganin da aka yi da gubar asenik a 1949, wanda ke kashe kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurarsa. Wasu daga cikin waɗannan ayyuka sun yi 'ya'ya, wasu ba su wuce matakin farko ba. Ba kowace gunduwa da aka binne take tsira ba.

A 2009 ya ci Kyautar Kimiyya ta Najeriya wadda kamfanin iskar gas na NLNG yake bayarwa, dala 50,000 a lokacin, saboda aikinsa a kan ƙwayar gadon da ke sarrafa siyalidas. Ya sami lambar girmamawa ta ƙasa da ake ba manyan masana, ya zama ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta Najeriya. A 2013 Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus ta ba shi kyautar Georg Forster, wadda ake ba fitattun masu bincike daga ƙasashe masu tasowa.

A nan ina da ƙorafi da yadda muka ba da labarin. An yi ta cewa ya gano maganin ciwon barci. Bai gano ba, kuma har yau babu allurar riga-kafin sammore ko ta ciwon barci a ko'ina a duniya. Dalilin yana da ban tsoro: ƙwayar cutar tana rufe da wani furotin, tana kuma da ƙwayoyin gado sama da dubu na sauya shi. Kafin jiki ya gama shirya makamin wannan rufi, wasu daga cikinsu sun sauya zuwa wani. Hikimar aikin Nok da ire-irensa ita ce a daina bin abin da ke sauyawa, a nemi abin da ƙwayar ba za ta iya rabuwa da shi ba. Idan aka koya wa jikin saniya ya toshe siyalidas, ko da ƙwayar cutar ba ta mutu ba, ana sa ran jini ba zai ƙare ba, saniyar za ta ci gaba da ba da nono. Hanya ce mai kyau, ba a kai ƙarshenta ba tukuna. Idan muka ce wa jama'a an gama, sun ga kuma shanunsu suna mutuwa, gobe ba za su yarda da masana ba. Mafi muni, masu riƙe da kuɗin gwamnati za su ɗauka babu sauran abin kashe wa kuɗi.

Sai mu zo kan iri. A jami'a, abin da malami zai sayar da abin da zai binne abu ɗaya ne: lokacinsa. Sa'ar da ya zauna da ɗalibin digiri na biyu yana nuna masa yadda ake riƙe bututun awo, ko yana gyara masa babi na uku karo na huɗu, ita ce sa'ar da zai iya rubuta tasa takarda, ko ya tafi Abuja aikin kwangila. Akwai farfesoshi masu suna da suka sayar duka. Ranar da suka yi ritaya aka kulle ɗakin gwajinsu, na'urori suka yi ƙura, babu wanda ya san yadda ake kunna su.

Nok bai yi haka ba, kuma shaidar tana rubuce a jerin sunayen da ke saman takardun bincike. Balogun, wanda suka buga takardar 2003 tare, ya tafi Jami'ar Tokiyo wurin Farfesa Kiyoshi Kita, ya yi aiki a kan siffar wani sinadari da tirifanosom yake dogara da shi wajen samun kuzari, don a ƙera maganin da zai toshe shi, ya kuma dawo Zariya yana koyarwa yana bincike. Ta ɓangaren Jamus, haɗin gwiwa da Farfesa Sørge Kelm na Jami'ar Bremen ya fitar da wata takarda a 2013 wadda ta nuna cewa sinadarin nan mai ɗauke siyalik ba guda ɗaya ba ne a jikin Trypanosoma congolense, dangi ne, kowane da irin ƙarfinsa. A kan takardar akwai sunan Thaddeus Gbem a gaba, akwai na Gloria Chechet, duka mutanen Zariya. Irin wannan haɗin gwiwa ne nake so: ba a kwashi jinin shanunmu an kai Turai an manta da mu ba, yaranmu ne suka je suka koyo suka dawo da hannu.

Ya kuma gane cewa iri yana bukatar inuwar da za a ajiye shi. Ya shugabanci Cibiyar Bincike da Horarwa kan Fasahar Halittu ta jami'ar. Da Bankin Duniya ya fito da shirin kafa cibiyoyin ƙwarewa a jami'o'in Afirka a 2014, Najeriya ta sami guda 10, ɗaya daga ciki ta faɗo Zariya a ƙarƙashin jagorancinsa: cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, da fasahar halittu ta binciken shari'a. Cibiyar ta rayu bayan rasuwarsa, tana ɗaukar ɗalibai daga Najeriya da maƙwabta. Wannan ya fi kowace lamba da aka rataya masa a wuya.

Akwai wani abu da ba na so a wuce shi da sauri. A kudancin Kaduna an daɗe ana zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya, kowane ɓangare yana da kaburburan da zai nuna. A cikin wannan ƙasa aka sami ɗan Ham, ɗan manoma, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan cutar da ta fi cin dukiyar Bafulatani. Ɗalibansa kuma akwai Musulmi akwai Kirista, akwai Bahaushe, Bayarabe, Tibi da 'yan ƙananan ƙabilu, suna karɓar bututu daga hannun juna. Ba na cewa ya yi haka don sulhu, ya yi ne don tambayar kimiyya ta kama shi. Amma ƙudan tsando yana da hannu a inda makiyayi zai sauka da lokacin da zai tashi, kuma saniya mai lafiya da ke ba da nono sosai tana rage wa mai ita dalilin tara garke mai yawa. Duk wanda yake neman zaman lafiya a wannan yanki da gaske, ya kamata ya damu da lafiyar shanu.

A 2015 Gwamna Nasir El-Rufai ya naɗa shi kwamishinan lafiya, daga baya ya mayar da shi ma'aikatar ilimi, kimiyya da fasaha. Yana wannan kujera a 2017 aka yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, gwamnati ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, ta ce za ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta tayar da ƙayar baya, har yau kuma mutane ba su daina gardama a kan adalcin matakin ba. Ana cikin wannan ƙura ya rasu.

Zuciyata biyu a kan waɗannan shekaru na ƙarshe. Mutum ne da ya san cewa mai binciken gobe yana zaune yau a aji huɗu a Kwoi ko Zonkwa, idan malaminsa bai iya lissafi ba, an kashe shi tun bai tsira ba. Ta wannan fuska aikin kwamishina ci gaban aikinsa ne. Amma mu 'yan Najeriya muna da wata al'ada: da mun ga masani ya yi fice, sai mu ciro shi daga ɗakin gwaji mu ba shi ofis da mota da tarin fayil, muna ganin mun karrama shi. Masu iya riƙe ma'aikata suna da dama a jihar Kaduna. Masu iya tace siyalidas su koya wa wani, ana ƙirga su da yatsun hannu. Ni a ganina mun ɗebo daga cikin iri mun zuba a tukunyar shayi, ko da yake shi da kansa ya amsa kiran, kuma da kyakkyawar niyya ya amsa.

Manoman citta sun ga ranar da iri ya ƙare. A daminar 2023 wata cutar ruɓa ta faɗa wa gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko da kewaye. Ganye ya yi rawaya, aka tona aka iske saiwa ta zama ruwa. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da sama da naira biliyan 12. Ciwon bai tsaya a wannan shekara ba, domin wanda ya rasa amfani ya rasa abin shukawa, wanda ya sami ɗan saura kuma yana tsoron ko cutar tana ciki. Mutanen da suka gina gidaje suka kai 'ya'ya jami'a da kuɗin citta suka koma shuka masara da kurkur. A lokacin kowa ya shiga tambaya: ina masananmu? Wa zai gaya mana ainihin abin da ke cin gonar, wa zai fitar mana da iri mai tsabta? Irin masanin da ake nema ranar nan ba a samar da shi a wata uku. Sai an yi shekara goma ana biyan kuɗin karatunsa, ana saya masa kayan gwaji, ana haƙuri da shi alhali bai fito da komai ba tukuna. Abin da muke yi wa jami'o'inmu shi ne muna sayar da iri: yaron da ya fi kowa a ajinsa yana gama digiri yana neman biza, kuma ba shi da dalilin dawowa domin babu benci, babu wuta, babu albashin da zai riƙe iyali.

Yankin yana da wuraren da za a fara. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan mai tsangayar aikin gona, akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya mai horar da malaman kimiyya, akwai sabuwar Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiki da aka kafa a Kachia a 2025. Roƙona ga shugabanninsu shi ne kada a fara da ƙofar shiga mai ƙawa da ofishin shugaba. A fara da ɗakin gwaji guda ɗaya mai wutar sola da ba ta ɗaukewa, da firiza, da ruwa mai tsabta, da ma'aikacin da ya san gyaran na'ura. A ɗauko biyu ko uku daga cikin waɗanda suka koyi aiki a hannun Nok ko a hannun ɗalibansa, a ba su kuɗin bincike na shekara biyar, kada a naɗa su shugabancin kwamitin komai. Manyan 'yan kasuwar citta da masu garken shanu su ma suna da abin yi: kuɗin bijimi biyu ya isa ya riƙe ɗalibin digiri na biyu har ya gama aiki a kan cutar da ke cin dukiyarsu.

Kai kuma mai karatu, idan ka yi sakandare a Kafanchan, Kagoro, Kwoi, Zonkwa ko Kachia, wannan karon idan ka je gida hutun ƙarshen shekara ka leƙa tsohuwar makarantarku, ka ce a buɗe maka ɗakin kimiyya. Ka duba ko akwai madubin likita mai aiki ko guda ɗaya, ka tambayi malamin kemistiri yaushe rabon da yara su haɗa sinadari da hannunsu. Abin da ka gani ka kai shi taron tsofaffin ɗalibai, ku sa shi a gaban kuɗin anko da na liyafa.